Fitilun gargaɗi a motar lantarki: me suke faɗa, kuma wa zai iya gyarawa?

A farkon watan Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka, NHTSA, ta sanar da cewa kamfanin Tesla zai yi wa motocinsa kusan miliyan 2.2 kiranye domin gyara. Adadin ya kusa cinye duk motocin da kamfanin ya taɓa sayarwa a ƙasar. Da dalilin ya fito, mutane da dama sun riƙe baki. Babu batirin da ya kama da wuta, babu birkin da ya tsinke. Laifin shi ne haruffan da ke nuna gargaɗin birki, da na birkin ajiye mota, da na ABS a allon gaban direba sun yi ƙanana. Ƙa'idar Amurka ta ce kada tsayin harafin ya gaza milimita 3.2, na Tesla kuwa ba su kai ba. Kamfanin ya ce bai san da wani haɗari da hakan ya haddasa ba, ya kuma aika gyaran ta intanet, motocin na ajiye a ƙofar gidajen masu su.

Me zai sa hukuma ta tayar da jijiyar wuya a kan girman harafi? Direban motar fetur yana da kunne da hanci. Yana jin inji ya canza murya, yana shaƙar ƙaurin mai, yana hango hayaƙi ta madubi. Motar lantarki shiru take tafiya, kuma na'urorin da ke kare rai a cikinta, irin su jakar iska da birkin gaggawa, suna iya shekara goma ba su motsa ba sai ranar da aka buƙace su. Idan ɗaya ta mutu a tsakani, direba ba zai ji komai a hannu ko a ƙafa ba. Fitilar gargaɗi ce kaɗai mai kawo masa labari.

Maganar ta iso gida. Tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, motocin lantarki sun ƙara bayyana a Abuja da Legas da Kano da Maiduguri, wasu sababbi daga China, wasu 'yan gwanjo daga Amurka da Turai. Bakaniken da ya ƙware a kan inji, da riwayan da ya saba bin waya da ƙwan gwaji, yanzu ana kawo musu motar da babu inji a cikinta, allonta cike da fitilu.

Launuka da sunaye

Launin fitila ƙa'ida ce ta ƙasa da ƙasa. Ja na nufin abin da ya shafi rai ko lafiyar motar kai tsaye. Ruwan ɗorawa na nufin wani sashe ya samu matsala ko ya janye daga aiki, mota za ta iya tafiya amma gareji take nema. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai.

ABS shi ne tsarin da ke hana taya cijewa idan aka taka birki da ƙarfi, don sitiyari ya ci gaba da jin magana. Hoton mota da layukan santsi a ƙarƙashinta na tsarin da ke hana mota juyawa a kwana ne. Ya zama dole ga sababbin motoci a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko haruffan SRS, na jakar iska ne tare da na'urar da ke ɗaure bel lokacin karo. Alamar da ta yi kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya ta iskar taya ce, kuma a motocin Amurka tana kamawa idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Sai na baya-bayan nan, birkin da ke taka kansa idan kyamara ko rada ta hango karo, wanda Turai ta wajabta wa duk sababbin motoci daga Yulin 2024, Amurka kuma ta ba kamfanoni wa'adin 2029.

Motar lantarki ta ƙara nata. Akwai hoton mota da alamar motsin rai a jikinta, mai nuna matsala a ɓangaren babbar wuta. Akwai kuma ɗan kunkuru ruwan ɗorawa, wanda masu Nissan Leaf da Hyundai da Kia suka sani: motar ta rage wa kanta ƙarfi, ko don caji ya kusa ƙarewa, ko don zafi ya yi yawa, ko don ta gano wata cuta.

Duk lokacin da aka kunna mota, fitilun kan kama tare na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu ɗaya bayan ɗaya. A motocin Nissan ta jakar iska kan ɗauki kimanin daƙiƙa 7. Wannan gwajin kai ne. Fitilar da ta ƙi mutuwa ta faɗi gaskiya. Wadda ba ta kama ba sam a lokacin gwajin ta fi ban tsoro, domin sau da yawa wani ne ya rufe mata baki.

Batir biyu, kuma ƙaramin ne ke riƙe da makulli

Abin da ya fi ruɗa sababbin masu motar lantarki shi ne batir biyu gare ta. Babban yana shimfiɗe a ƙarƙashin mota, ƙarfinsa wajen bolt 400 a yawancin motoci, har 800 a irin su Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6. Shi ke juya ƙafafu. Ƙaramin kuwa a yawancinsu irin na kowace mota ne, mai bolt 12, kuma shi ke ciyar da kwamfutocin mota, da fitilu, da famfon ABS, da sitiyari, da ƙwaƙwalwar jakar iska. Shi ne ma ke rufe manyan makunnan da ke haɗa babban batir da sauran motar. Idan ya kwanta, babban batir yana nan cike amma a kulle.

A ɗauki Nissan Leaf da ta yi kwana huɗu a ajiye. Mai ita ya danna makunni da safe, sai allo ya cika: jar fitilar birki, ABS, ta santsi, ta sitiyari, ga saƙonni suna wucewa, motar ta ƙi shiga yanayin tafiya, alhali ma'aunin caji na nuna kashi 80. Hankali zai tafi ga babban batir da miliyoyin da zai ci. Mai gyaran da ya san aikinsa zai buɗe gaba, ya ɗora mita a kan ƙaramin batir. Lafiyayye da ya huta yana nuna kusan 12.6. Idan ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni sosai. Idan motar ta tashi, lambar ta kamata ta hau tsakanin 13 da 14 da ɗoriya, shaidar cewa ana yi masa caji.

Dalilin da fitilu ke kamawa tare shi ne kowace kwamfuta a cikin motar tana da mafi ƙarancin wutar da za ta iya aiki da ita. Wuta na yin ƙasa, sai wasu su ɗauke na ɗan lokaci, sauran su rubuta cewa 'yan uwansu sun daina amsa musu. Cuta ɗaya, ƙorafi goma. A motar fetur batir mai rauni yana tona kansa da wuri, domin kik zai fara jan ƙafa. Motar lantarki ba ta da kik, don haka batirin kan lallaɓa har ranar da zai faɗi gaba ɗaya. Zafi kuma yana rage wa irin wannan batir kwana, abin da mazauna Sakkwato da Yamai ba sa buƙatar a gaya musu.

Sai dai canza batir ba koyaushe ne ƙarshen magana ba. Motar lantarki ba ta da altaneta. Wata na'ura ce ke ɗebo wuta daga babban batir, ta rage mata ƙarfi, ta zuba a ƙaramin. A motocin Hyundai da Kia da Genesis na zamani wannan aikin yana cikin wani akwati da ake kira ICCU, kuma lalacewarsa ta sa an yi wa motoci kimanin 147,000 kiranye a Amurka a watan Maris na 2024, sannan kimanin 208,000 a watan Nuwamba na shekarar. Akwatin na mutuwa, ƙaramin batir ya daina samun caji, gargaɗi ya fara fitowa, ƙarfin mota ya dinga raguwa har ta tsaya. Wanda ya sa sabon batir a irin wannan mota ya ga fitilu sun mutu zai yi murna, amma tsugune ba ta ƙare ba. Bayan ɗan lokaci zai dawo. Shi ya sa awo biyu ake yi, ɗaya mota a kashe, ɗaya a kunne.

Wani abin lura: Tesla ta fara sauya ƙaramin batirinta zuwa na litiyam mai wajen bolt 16 tun daga 2021. Ba kowace cajar gareji ce ta dace da shi ba, kuma lambobin da aka ambata a sama ba nasa ba ne.

Birki, da sensa ɗaya mai 'ya'ya da yawa

A kowace ƙafar mota akwai sensa mai ƙirga juyin taya. ABS da shi yake aiki, haka tsarin hana santsi, haka birkin gaggawa, haka na'urar riƙe mota a hawa. Waya ɗaya ta tsinke a bayan taya saboda rami ko ɓera, ko laka da ɓurɓushin ƙarfe su toshe bakin sensa, ko boris ya yi sako-sako, sai fitilu huɗu ko biyar su kama a lokaci guda. Gyaran na iya zama na kuɗi kaɗan, in an gano ƙafar da abin yake.

A motar lantarki akwai ƙarin abu. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin kan koma janareta, ya rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Wannan birkin caji yana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da ABS, kuma motoci da yawa kan kashe shi da zarar ABS ya samu matsala. Direban da ya saba mota na rage gudu da kanta zai ɗaga ƙafa ya ji ta ci gaba da sulalewa. Birkin ƙafa yana nan, amma tazarar da ya saba da ita ta canza. Raguwar birkin caji lokacin da batir ya cika maƙil kuwa ba cuta ba ce, wurin zuba wutar ne babu.

Jar fitilar birki ita ce ba a jayayya da ita. Tana iya nufin man birki ya yi ƙasa, ko na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi ta samu matsala. A motar fetur inji ne ke samar da zuƙar iskar da ke sa birki laushi. A motar lantarki na'ura ce mai cin wutar ƙaramin batir. Ja tare da ABS a lokaci guda, ko feda ta yi tauri, ko ta nutse, magana ce ta tsayawa a kira motar ja.

Jakar iska: inda ake yawan rufe ƙofa da ɓarawo

Ƙwaƙwalwar jakar iska tana aika 'yar siririyar wuta ta cikin kowace jaka da kowane bel, tana auna turjiyar hanyar, wato yadda take tauye wucewar wuta, wadda takan kasance 2 zuwa 3 a ma'aunin da ake kira om. Idan lambar ta hau ko ta sauka, fitila ta kama. Ma'anarta ita ce wata jaka, a wasu motocin ma dukansu, ba za ta buɗe ba ranar karo.

Sanadin da ya fi yawa ƙarami ne. A leƙa ƙarƙashin kujerar gaba, za a ga soket ruwan ɗorawa. Ana tura kujera gaba da baya, yara na cusa takalmi da gorar ruwa, mai wankin mota na watsa ruwa a kan kafet, sai soket ya saki ko ya yi tsatsa. Na biyu shi ne wayar da ke naɗe a bayan sitiyari kamar gammo. Idan ta tsinke, sau da yawa hon da maɓallan sitiyari kan mutu tare da kamawar fitilar. Na uku sensa ce da ke cikin kujerar fasinja mai tantance ko babba ne ya zauna ko yaro. A 2016 Nissan ta yi wa motoci fiye da miliyan 3 kiranye a Amurka, har da Leaf, saboda wannan tsarin yana iya ɗaukar babban mutum a matsayin yaro ko ya ɗauka kujerar babu kowa, ya hana jaka buɗewa.

Aikin yana da ƙa'ida. Ana kashe mota, a cire ƙaramin batir, a jira mintunan da littafin motar ya faɗa, uku a na Nissan, domin ƙwaƙwalwar na riƙe da ragowar wuta. Ba a ɗora mita a kan jakar kanta don auna turjiya, domin wutar mitar na iya tayar da ita a fuskar mai gyara.

Ga inda gizo ke saƙa. Tunda turjiya kawai ƙwaƙwalwar ke aunawa, ana iya yaudararta. A cire jakar da ta fashe, a soka ɗan rezista mai kwaikwayon turjiyar jakar a soket, a liƙe murfin sitiyari, a goge tarihin karo daga ƙwaƙwalwa, fitila ta mutu, allo ya yi tas. Motar da aka yi wa haka tana yi wa mai saye ganin kitse, alhali rogo ce. Wannan ya shafi kasuwarmu kai tsaye, domin kaso mai yawa na motocin gwanjo da ke zuwa daga Amurka waɗanda kamfanonin inshora suka sallama ne bayan haɗari ko ambaliya, aka saye su a gwanjo aka gyara.

Akwai kuma abin da fitilar ba ta gani ko da ba a yaudare ta ba. Jakunkunan kamfanin Takata, kimanin miliyan 67 da aka yi wa kiranye a Amurka, har da na Tesla Model S na 2012 zuwa 2016, sinadarin cikinsu ne ke lalacewa bayan shekaru cikin zafi da laima, ranar karo ƙarfen ya tarwatse. Wayarsu lafiya lau, don haka fitila ba ta cewa komai. Haka jabun jakunkuna: a Yulin 2024 NHTSA ta yi gargaɗi bayan mutum uku sun mutu, biyu sun ji mummunan rauni, a motocin da aka sa wa irin waɗannan kayan bayan wani haɗari na baya.

Wayoyi ruwan lemo

Duk wayar da ke ɗauke da babbar wuta ana yi mata riga ruwan lemo. Tsarin motar fetur yana amfani da gangar jikin mota a matsayin hanyar dawowar wuta. Babban batirin motar lantarki kuwa a ware yake daga jikin mota gaba ɗaya, kuma akwai na'urar da ke sa ido a kan wannan rabuwa dare da rana. Ƙa'idojin Amurka da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa mafi ƙarancin turjiya om 100 ga kowane bolt a ɓangaren batir, wato om 40,000 ga batir mai bolt 400; lafiyayyar mota takan nuna miliyoyi. Idan lambar ta faɗi, wuta ta fara yoyo zuwa jikin mota, sai gargaɗi ya fito, sau da yawa da lambar matsala P0AA6, wasu motocin kuma su ƙi tashi bayan an kashe su.

Ruwa ne babban mai laifi. Bayan guguwar Ian ta 2022 a jihar Florida, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shanye sun yi ta kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki. Amma akwai wani sanadin da ya fi kusa da mu, kuma ba kowa ya san shi ba: esi. Kwamfuresar esin motar lantarki da babbar wuta take aiki, kuma wayoyin injinta a cikin man kwamfuresa suke wanka. Dole man ya zama irin wanda kamfani ya ƙayyade, wanda wuta ba ta ratsa shi. Mai cika gas na bakin titi da ya zuba man motar fetur, ko ya yi amfani da tiyon da ragowar wancan man ke ciki, zai sallami mota tana sanyi ƙarara, bayan kwana biyu fitilar babbar wuta ta kama. Tsabtace tsarin bayan haka aiki ne mai tsada, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Nan ne iyakar mai koyo. Aiki a ɓangaren ruwan lemo yana buƙatar safar hannu da aka gwada ta jure bolt 1,000, da zare makullin da ke raba batir biyu, da jiran wajen minti 10 don ragowar wuta ta sauka, da aunawa a tabbatar babu komai kafin hannu ya taɓa. Motoci da yawa suna da fis mai fashewa wanda ƙwaƙwalwar jakar iska ke tsinkawa lokacin karo don raba batir da mota. Sabo ake sa wa. Haɗa wurin da guntun ƙarfe daidai yake da rezistan nan na jakar iska, sai dai wannan da bolt 400 ake wasa.

Yadda bincike ke tafiya

"A sa mata kwamfuta" shi ne abin da kowa ke faɗa, kuma daidai ne, in an san me kwamfutar ke iya faɗa. Lambar matsala tana farawa da harafi: P na ɓangaren tuƙi da batir, C na birki da ƙafafu, B na cikin mota har da jakar iska, U na katsewar magana tsakanin kwamfutoci. Tarin lambobin U daga sassa daban-daban kusan koyaushe yana mayar da mai bincike ga ƙaramin batir, ko fis, ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa.

Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Idan ta ce sensar ƙafar dama ta gaba, cutar na iya zama a sensar, ko a wayarta, ko a soket, ko a boris. Ƙwararre zai fara rubuta duk lambobin kafin ya goge ko ɗaya, domin su ne shaidu. Zai tambayi mai mota me ya faru kafin fitilar ta kama: an shiga ruwa, an canza gilashin gaba, an taɓa bamba, an sa rediyo ko na'urar bin sawu? Zai duba bayanan da ke gudana, ya ga ƙafa uku na nuna kilomita 20 a awa, ta huɗu na nuna sifili. Bayan gyara ne ake gogewa, a fita gwaji, a sake karantawa.

Wasu gyare-gyaren ba sa cika sai da saiti. Kyamarar da ke bayan gilashin gaba da radar da ke cikin bamba suna auna nisa da kusurwa, kuma kuskuren da ido ba ya gani a gareji yana zama babba a nisan mita 100. Canza gilashi ko gyaran bamba na buƙatar sake saita su. Saƙon da ke cewa an toshe kyamara a lokacin hazo da ƙurar hunturu kuwa, tsumma mai tsabta ne maganinsa. Ita ma fitilar taya tana da harshe biyu: idan ta kama ta tsaya, mai faci ake nema, idan ta yi ƙyaftawa na kimanin minti ɗaya sannan ta tsaya, sensar cikin tayar ce, galibi ɗan batirinta ya ƙare bayan shekara 5 zuwa 10.

Wa ke da ikon shiga ƙwaƙwalwar mota?

Soket mai ramuka 16 da ake soka sikana, wato kwamfutar binciken, wanda ake kira OBD, an wajabta shi a Amurka daga 1996 ne don sa ido a kan hayaƙi. Motar da ba ta hayaƙi ba ta shiga cikin dokar ba, kowane kamfani ya bi hanyarsa. Leaf tana da soket ɗin, har akwai manhajar waya mai suna LeafSpy da ke karanta lambobinta. Tesla ta fi dogara da shafin gyara da ke cikin allon motar, ta buɗe littattafan gyaranta kyauta a 2022, amma manhajar bincike mai zurfi ta biyan kuɗi ce. Volkswagen daga 2020 ta sa wa sababbin motocinta kulle, sai mai rajista da intanet zai iya canza wasu abubuwa. Sakamakon shi ne sikana mai arha na iya cewa babu matsala alhali fitila na ci.

Kamfanoni suna da hujja. Mota mai haɗe da intanet tana iya faɗawa hannun masu kutse, kuma ƙofar da aka buɗe wa bakanike an buɗe wa ɓarawo. Birki da jakar iska da babbar wuta abubuwa ne da kuskure a cikinsu ke cin rai, kuma sunan kamfanin ne ke ɓaci. Garejoji masu zaman kansu da ƙungiyoyin masu saye suna amsawa da cewa wanda ya biya kuɗin mota shi ke da bayananta, kuma kullen yana tura kowa wurin dila mai tsada. A 2020 masu zaɓe a jihar Massachusetts sun amince da dokar buɗe bayanan da kusan kashi 75 cikin 100. Ƙungiyar kamfanonin mota ta garzaya kotu, aka shafe shekaru ana shari'a kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a farkon 2025.

Kowane ɓangare na da rabin gaskiya, amma muhawarar an gina ta ne a ƙasashen da dila ke kusa. Inda babu wakilin kamfanin a faɗin ƙasa, kulle ba ya tura mota wurin ƙwararre, domin babu shi. Yana tura ta ne wurin mai rezista da salatif. A Birtaniya akwai wani shinge na daban: motar da ta wuce shekara uku dole a duba ta duk shekara, kuma fitilar jakar iska ko ta ABS a kunne tana kayar da ita. Inda dubawar ba ta kai can ba, hukuncin ya rage tsakanin mai mota da mai gyara.

Abin da ya shafi mai saye da direba

Ga direban haya ko mai motar gida, bambancin kuɗi tsakanin bincike mai kyau da na kame-kame babba ne. Allon da ya cika da fitilu na iya ƙarewa a ƙaramin batir ko sensa ɗaya, kuma mai motar da bai san haka ba yana iya yarda a canza masa ƙwaƙwalwa ko famfon ABS da ba su da laifi. Masu motocin da aka ƙera don kasuwar cikin China suna da ƙarin wahala, domin wasu allonsu da Sinanci yake magana. Ɗaukar hoton saƙon a fassara shi da waya ya fi a yi watsi da shi. Ga masu gyara kuwa, sana'ar tana matsowa daga hannun bakaniken inji zuwa hannun riwaya, kuma riwayan da ya iya karanta zanen waya da bayanan sikana, ya kuma samu horon babbar wuta, shi kasuwa za ta nema.

Mai shirin sayen ta gwanjo yana da abubuwan da zai iya yi da kansa. Ya zauna a kujerar direba, ya kunna, ya ƙirga fitilun da suka kama, musamman ta jakar iska da ta ABS, ya ga sun mutu da kansu. Ya ɗaga kafet ya duba busasshiyar laka, ya leƙa layin kujeru ya ga ko akwai tsatsa. Ya ja kowane bel ya saki. Wanda ya ƙage ko ya ƙi komawa alama ce ta karo. Ya nemi a karanta masa kowace ƙwaƙwalwa da sikanar da ta san irin motar, a gabansa.

Motar da ta fito daga Amurka kuma tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba. Idan aka shigar da ita a shafin NHTSA, kyauta zai nuna kiranyen da ba a yi wa motar ba tukuna. Wasu, irin na haruffan Tesla, ta intanet suke zuwa. Na ICCU da na Takata sai an kai mota wurin dila an duba, an sa sabo inda ya kamata, kuma dilolin da ke yin sa kyauta galibi suna can Amurka. Lokacin duba lambar shi ne kafin motar ta hau jirgin ruwa; bayan ta sauka a Kwatano ko Legas, kuɗin kayan da na aikin daga aljihun mai saye za su fito.